Jiyyar Gyambo da Iskar Oksijin Mai Matsi: Yadda Take Aiki, Iyakarta, da Matsayinta ga Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da bambance miki da gyambo. Miki shi ne sabon rauni wanda ake sa ran zai kame cikin 'yan kwanaki. Gyambo kuwa shi ne wanda ya ƙi warkewa, ya yi ta zubar da ruwa da mugunya wata da watanni, wani lokaci ma shekara da shekaru, har ya hana mai shi noma da kasuwa da shiga cikin jama'a. Su ma likitoci, galibi idan rauni ya wuce mako 4 zuwa 6 ana yi masa magani bai nuna alamar kamewa ba, sukan sanya shi cikin jerin raunuka masu wuyar jiyya.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin wata hanyar jiyya da ake yi wa irin waɗannan raunuka, wato sanya majiyyaci cikin wani ɗaki na musamman da aka ƙara wa matsin iska, ya riƙa shaƙar tsantsar iskar oksijin. Za a duba asalin wannan hanya, da yadda take aiki a jiki, da cututtukan da bincike ya nuna tana taimaka musu, da waɗanda ake jingina mata ba tare da hujja ba, da haɗarin da ke cikinta. Daga ƙarshe za a auna matsayinta ga mutanen ƙasar Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, tun daga manyan garuruwa har zuwa ƙauyuka irin su Sarandosa.

2.0 Dalilin da Ke Sa Miki Ya Zama Gyambo

Kafin miki ya warke, jiki yana buƙatar abubuwa uku, kuma babu ɗayansu da ke yiwuwa sai da oksijin. Na farko, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, da oksijin suke haɗa gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta da ita. Na biyu, ƙwayoyin halittar da ke saƙa sabon nama ba sa iya samar da sinadarin kolajin mai ƙwari, wanda shi ne zaren da ke ɗinke rauni, sai da oksijin. Na uku, tsirowar sababbin ƙananan hanyoyin jini zuwa cikin raunin ita ma tana dogara da shi. Binciken da T. K. Hunt ya yi a Amurka, da wanda Juha Niinikoski ya yi a ƙasar Finlan, daga shekarun 1960, su ne suka fito da wannan dangantaka fili.

To, jini shi ne ke kai oksijin ko'ina a jiki. Saboda haka duk abin da ya toshe hanyar jini, ko ya ƙuntata ta, ya buɗe wa gyambo ƙofa. Ciwon sukari yana lalata hanyoyin jinin ƙafa, yana kuma kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Cutar amosanin jini, wato sikila, tana toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa masu ita kan yi fama da gyambo a wajen idon sawu. Karaya mai haɗe da dagargajewar nama, da ɗaurin karan ɗori idan ya yi tsanani, da ƙuna, da gashin da ake yi wa masu ciwon daji a asibiti, duk suna iya barin nama cikin ƙarancin oksijin. Da zarar haka ta faru sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kumburi ya ƙaru, kumburin kuma ya ƙara matse hanyoyin jinin, abu ya yi ta zagayawa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ana danganta ɗakin matsi na farko ga wani Bature mai suna Henshaw a Ingila a 1662, amma shi iskar duniya kawai yake hurawa, domin a lokacin ba a ma gano oksijin ba sai a shekarun 1770. A 1878 wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya nuna cewa oksijin idan matsinsa ya yi yawa yakan zama guba ga ƙwaƙwalwa, har ya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A 1899 kuma Lorrain Smith ya nuna cewa daɗewa ana shaƙarsa yana cutar da huhu.

Akwai wani darasi a tarihin wannan fanni da ya kamata a riƙe. A 1928 wani likita, Orval Cunningham, ya gina wani ƙaton ƙwallon ƙarfe mai hawa 5 a birnin Kilibilan na Amurka, inda yake ajiye majiyyata cikin iska mai matsi, yana da'awar warkar da ciwon sukari da ciwon daji. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta nemi ya kawo hujja, bai kawo wadda ta gamsar ba. Wurin bai daɗe ba aka rufe shi, aka kuma sassare ƙarfen a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Jiyyar ta samu gindin zama na kimiyya ne a hannun wani likitan fiɗa na Amstadam a ƙasar Holan, Ite Boerema, wanda ya fara yin aikin zuciya cikin ɗakin matsi a 1956. A rahoton da shi da abokan aikinsa suka buga a 1960, sun nuna cewa aladun da aka zuƙe musu kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jini sun ci gaba da rayuwa muddin suna shaƙar oksijin a ƙarƙashin matsi ninki 3. A 1961 abokin aikinsa Brummelkamp ya ba da rahoton amfani da hanyar wajen jiyyar ruɓewar nama mai fitar da iska. Daga nan ne fannin ya bunƙasa.

4.0 Yadda Jiyyar Take Aiki

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Nauyin da wannan iska take ɗora mana a bakin teku shi ake kira matsi ɗaya, wato atmosfiya 1. Duk wanda ya nutsa mita 10 cikin ruwa, an ƙara masa wani matsi ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa masunta, irin waɗanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, suke jin kunnuwansu sun toshe idan suka yi nutso mai zurfi.

Jini yana ɗaukar oksijin ta hanya biyu. Mafi yawansa yana maƙale ne a jikin sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kimanin mililita 20 a kowace mililita 100 ta jini. Ɗan kaɗan kuma, kimanin mililita 0.3, yana narke ne a cikin ruwan jini. Ga mai lafiya, himogulobin ya riga ya cika da kusan kashi 97 cikin 100, don haka ba shi da sauran wurin ƙari. Inda ake iya ƙari shi ne ruwan jini.

A nan ne ƙa'idar da William Henry ya bayyana a 1803 take shigowa: gwargwadon matsin da aka yi wa iska a kan ruwa, gwargwadon yadda za ta narke a cikinsa. Misali na kusa shi ne kwalbar lemo. Tana rufe ba a ganin kumfa, domin matsi ya narkar da iskar cikin ruwan. Ana buɗe ta sai iskar ta taso. Idan mutum ya shaƙi tsantsar oksijin a matsi ɗaya, abin da ke narke a ruwan jininsa yakan kai kimanin mililita 2. Idan aka kai matsin ninki 3, sai ya kai kimanin mililita 6, wato ninki 20 na yadda yake da farko. Wannan adadi ya kusa daidai da abin da jiki ke ci idan mutum yana hutawa, kuma shi ne sirrin gwajin da Boerema ya yi.

Amfanin wannan ga gyambo shi ne, oksijin da ya narke a ruwan jini yana iya ratsawa ya isa wuraren da ke nesa da hanyar jini mai lafiya. Isarsa can tana farfaɗo da aikin fararen ƙwayoyin jini, tana taimaka wa saƙar kolajin, kuma maimaita jiyyar kullum yana zaburar da tsirowar sababbin hanyoyin jini. Har ila yau tana rage kumburi, tana ƙara wa wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ƙarfi, tana kuma dakatar da gubar da ƙwayar cutar Clostridium perfringens ke fitarwa, domin ita wannan ƙwaya ba ta yaɗo sai inda babu oksijin.

Ɗakunan matsi iri biyu ne. Akwai na mutum ɗaya, mai kama da doguwar ganga ta gilashin roba, wanda ake cika shi da oksijin. Akwai kuma babba na ƙarfe mai ɗaukar mutane da yawa tare da ma'aikacin jiyya, wanda ake matsa shi da iskar duniya, kowane majiyyaci yana shaƙar oksijin ta takunkumi ko hular da ke rufe kai. Ga masu gyambo, galibi ana kai matsi ninki 2 zuwa 2.5, a yi minti 90 zuwa 120, sau ɗaya a rana, kwana 5 a mako, har sau 20 zuwa 40. Ciwon ƙashi da illar gashi kan kai sau 60.

Ya kamata a bambance wannan da wasu abubuwa masu kama da shi. Tukunyar oksijin da ake sanya wa mai ciwon huhu a gadon asibiti ba ta da ƙarin matsi. Haka nan buhunan roba da ake hurawa, waɗanda matsinsu bai cika wuce 1.3 ba, ba su kai ma'aunin jiyyar da ake magana a kai ba.

5.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

5.1 Cututtukan gaggawa

Inda jiyyar ta fi ƙarfi shi ne ciwon da ke kama masu nutso idan suka taso da sauri, da shigar kumfar iska cikin hanyar jini. A nan matsin da kansa ne ke ƙanƙantar da kumfar. Nijeriya ta ga aikin irin wannan ɗaki a watan Mayu na 2013, lokacin da jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a gaɓar tekun ƙasar, mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a cikin wani ɗan sarari mai iska a zurfin mita 30. Da aka ceto shi ba a fito da shi sarari kai tsaye ba, sai da ya yi fiye da kwana 2 a ɗakin matsi ana rage masa matsin sannu a hankali. Haka kuma ana amfani da jiyyar ga wanda hayaƙin janareta ko na gawayi ya bugar ƙwarai, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa lokacin hunturu, sa'ad da ake shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa.

5.2 Raunuka da gyambo

Ƙungiyar likitocin nutso da matsin iska ta Amurka, wadda aka kafa a 1967, ta amince da jiyyar a matsayin ƙari kan sauran magani ga ruɓewar nama mai fitar da iska, da cututtukan da ke cinye nama da sauri, da dagargajewar gaɓa, da ciwon ƙashi da ya ƙi jin magani, da naman da gashin ciwon daji ya illata, da dashen fata da ke neman mutuwa, da ƙuna mai tsanani, da wasu nau'o'in gyambon ciwon sukari.

A kan gyambon ciwon sukari ne aka fi yin gwaji, kuma sakamakon bai zo baki ɗaya ba. A gwajin Faglia da abokan aikinsa a Milan ta Italiya a 1996, kimanin kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jiyyar ne aka yanke wa ƙafa, alhali a ɗaya rukunin kashi 33 ne. A gwajin Löndahl a Suwidin a 2010, wanda ya ƙunshi majiyyata 94, kashi 52 sun warke cikin shekara guda, a ɗaya rukunin kuwa kashi 29. Amma gwajin Fedorko a Kanada a 2016, da wani da aka yi a Holan kan majiyyata 120 aka buga a 2018, ba su ga wani bambanci mai ƙarfi ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2015 ta nuna cewa jiyyar tana ƙara yawan masu warkewa a mako 6 na farko, amma ba a tabbatar da ɗorewar wannan fifiko bayan shekara guda ba. Bisa ga haka, shawarar masana ciwon ƙafar masu sukari na duniya a 2023 ita ce a yi tunanin amfani da ita ga gyambon da ke da ƙarancin jini, idan jiyyar yau da kullum ta gaza, kuma idan kayan aikin suna nan.

5.3 Cututtukan fata

Akwai wasu cututtukan fata da ba a cika samu ba, masu haddasa gyambo mai raɗaɗi saboda rikicewar garkuwar jiki ko toshewar ƙananan hanyoyin jinin fata. An samu rahotannin majiyyata ɗaiɗaiku da suka ji sauƙi da wannan jiyya, haka ma wasu masu gyambon sikila, amma rahoton mutum ɗaya ko goma bai kai matsayin hujjar gwaji ba. Cututtukan fata da jama'armu suka fi sani kuwa, kamar ƙazuwa da makero da kyasbi da kirci, ba su da wata alaƙa da ƙarancin oksijin, kuma mafi yawansu suna da magani mai sauƙin kuɗi. Kuturta maganinta haɗin ƙwayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995, gyambon tafin ƙafar mai ita kuma hutu da wanki da takalmi mai taushi yake buƙata, kamar yadda aka daɗe ana yi a asibitin Amanawa kusa da Sakkwato. Ita ma cutar da ke cin fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, maganinta ƙwayoyin kashe cuta da abinci mai gina jiki da aikin fiɗa. Daɗin daɗawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a 2013 cewa ba a tabbatar jiyyar tana warkar da ciwon daji, ko ciwon sukari kansa, ko cutar galahanga ba.

6.0 Haɗari da Abubuwan Kiyayewa

Matsalar da aka fi samu ita ce ciwon kunne saboda matsi, wanda kan kai ga fashewar dodon kunne idan ba a koya wa majiyyaci yadda zai riƙa haɗiyar yawu ko hura hanci ba. Wasu ganinsu na nesa yakan ragu bayan makonni, amma galibi yakan dawo. Jijjigar da Paul Bert ya bayyana tana faruwa jefi-jefi. Mai ciwon sukari kuma sukarinsa na iya faɗuwa a cikin ɗakin, don haka sai an auna shi kafin ya shiga. Wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da ƙirjinsa ba a yi masa magani ba, ba a sanya shi ko kaɗan. Akwai kuma wasu magungunan ciwon daji da ba sa haɗuwa da wannan jiyya.

Babban haɗari shi ne gobara, domin oksijin mai matsi yana sa ƙaramin tartsatsi ya zama wuta mai cin komai nan take. A ranar 31 ga Oktoba, 1997, gobara a ɗakin matsi na wani asibiti a Milan ta kashe mutum 11. A watan Janairu na 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a irin wannan gobara a jihar Mishigan ta Amurka. Saboda haka ba a shiga da waya, ko ashana, ko man shafawa, ko turare, ko tufafin leda. Sai tufafin auduga zalla.

7.0 Matsayin Jiyyar ga Jama'armu

Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci 6 na Nijeriya, ciki har da na Kano da Zariya, tsakanin 2016 da 2017, ya bi majiyyata 336 masu gyambon ciwon sukari. Kimanin kashi 35 cikin 100 an yanke musu wani sashe na ƙafa, kimanin kashi 20 kuma sun rasu. Mafi yawansu sun iso asibiti ne bayan gyambon ya yi zurfi. Wannan ya nuna cewa babbar matsalarmu jinkiri ce.

Mutanen wannan yanki manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. Mai noman albasa a fadamun Aliero, da mai shinkafa a bakin gulbin Zamfara wajen Jega, da mai gero a Sarandosa, duk sukan yi aiki da silifa ko ba takalmi, cikin laka da ƙaya da kaifin fartanya. Idan rauni ya samu, da yawa sukan fara da toka ko garin itace ko baƙin mai, wasu har da kashin shanu, wanda ke jawo ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanos. Aliero kuma ta yi suna wajen ɗorin karaya, ana zuwa daga nesa, don haka masu wannan sana'a suna da babbar dama ta gane gaɓar da ta fara yin sanyi ko baƙi ko wari su tura mai ita asibiti tun da wuri.

Ɗakin matsi ba na'ura ce da ake ajiyewa a asibitin ƙaramar hukuma ba. Yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, da oksijin mai yawa kullum, da ƙwararrun ma'aikata, da tsarin kashe gobara. Ko da an samu gurbi a wani birni mai nisa, zama 30 na nufin mako 6 mutum ya bar gona da iyali, ban da kuɗin jiyya da masauki. Kuma duk wanda aka sanya a ɗakin matsi ba a gyara masa sukari ba, ba a kankare mataccen nama ba, ba a buɗe babbar hanyar jinin da ta toshe ba, an yi ɓarnar kuɗi ne kawai.

8.0 Shawarwari

Na farko, a ƙarfafa jiyyar tushe a asibitocin Jega da Aliero da Maiyama da ƙananan ɗakunan shan magani: awon sukari, wanke rauni da kankare mataccen nama, ɗauke nauyi daga ƙafar da ke ciwo, maganin ƙwayoyin cuta bisa umarnin likita, allurar tetanos, da abinci mai gina jiki. Na biyu, kwalejin koyon aikin kiwon lafiya da ke Jega, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da kwalejojin ilimi, su shirya darussa da Hausa kan duba ƙafa kullum ga masu sukari da sikila. Na uku, a riƙa zama da masu ɗori da wanzamai da masu magani a kan alamomin da ke wajabta tura majiyyaci asibiti. Na huɗu, a fara ƙididdige masu gyambo a kowane asibiti, domin sai an san yawansu da irin ciwonsu ake iya sanin ko sayen ɗakin matsi zai biya buƙata. Na biyar, idan hukuma ta ga dacewar samar da shi, to wurinsa babban asibiti ne mai likitocin fiɗa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ya zama na yankin baki ɗaya.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda an nuna cewa jiyya da oksijin mai matsi tana da tushe a kimiyya, domin tana ƙara yawan oksijin da ke narkewa a ruwan jini har ya isa naman da ke ƙishinsa. An ga cewa tana ceton rai a wasu cututtukan gaggawa, tana taimakawa a wasu nau'o'in gyambo idan an haɗa ta da sauran magani, amma hujjarta a kan gyambon ciwon sukari ta rabu biyu, a kan yawancin cututtukan fata kuwa ba ta da hurumi. Ga mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama, abin da zai fi tsare masa ƙafa shi ne ya kai rauninsa asibiti tun yana miki, ya kuma tarar da ma'aikaci da kayan aiki idan ya je. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.